Yadda Ake Goge Tsohon Akushin Urushi na Japan da Adana Shi

Urushi ƙaron wata bishiya ne da Japanawa ke shafa wa kayan katako, shafi kan shafi, har su yi sheƙi, baƙi wuluk ko ja. Garin Wajima da ke lardin Ishikawa ya yi suna a wannan sana'a. In tsohon akushi irin wannan ya shigo hannunka, ga yadda za ka yi.

Da farko ka wanke hannu, ka cire zobe, ka ɗauki akushin da hannu biyu.

Ka kaɗe ƙurar da buroshi mai laushi kafin ƙyalle ya taɓa shi. Kada ka tsallake wannan, domin ƙwayar ƙura ce ke karce shafin idan aka murza ta. Sai ka bi da busasshen ƙyallen auduga, a hankali. In akwai dauɗar da ta maƙale, ka ɗan jiƙa ƙyallen da ruwan ɗumi, ka goge, ka tsane nan take. Ban da soso, ban da man goge katako. Wurin da aka yi adon maki-e kuwa, wato zanen da aka barbaɗa wa garin zinariya tun shafin yana ɗanye, buroshi kaɗai ya isa.

Daga nan ka naɗe shi da ƙyalle mai laushi, ka mayar cikin akwatinsa na katakon kiri, wata bishiya mai katako mara nauyi. Kada ka yar da akwatin nan, sau da yawa sunan wanda ya yi akushin na jikinsa, kuma yana ƙara wa kayan daraja.

Ka nisanta shi da rana, sheƙin da ta ci ba ya dawowa. Da hunturu ka ajiye ƙaramin kofin ruwa a cikin kabad ɗin da ka ajiye akushin, saboda busasshiyar iska na tsaga katakon.