Yaushe ya kamata a rabu da babur?

'Yan uwa masu mashin, tsufa kaɗai ba ya kashe Boxer ko Jincheng. In salansa na fitar da hayaƙi shuɗi-shuɗi, yana shan baƙin mai, yawanci ring da fistin ne. A canza su ya koma bakin aiki. Kaca, fulogi da kulochi duk kayan canji ne, kada su sa ku sayar.

Firem, wato ƙarfen da ke riƙe da dukkan jikin babur, shi ne abin da nake tsoro. Ku cire tanki ku duba wuyan firem ɗin da kyau. In ya tsage har an yi masa walda, ko babur ɗin yana ja gefe guda a kan titi mai kyau, ku rabu da shi ko da na gado ne, domin rai ake ɗauka a kansa. Ku sayar tun takardunsa na cike, kuma ku faɗa wa mai saye gaskiyar tsagewar.