Kafin ka saka sabon kifi, birkita duwatsun

'Yan'uwa masu kiwon kifin mbuna na Tafkin Malawi, ranar da za ka ƙara sabon kifi, fara sauya wa duwatsun tanki wuri. Sannan ka sake shi, ka kashe fitila har gari ya waye.

Dangin karfasa ne, kowane namiji da kogon da yake tsaro. Duwatsu na canza wuri kowa ya koma baƙo, hankalinsa na kan neman maɓoya, ba faɗa da sabon kifin ba.

Ni sai da suka yage wa wani kifina rawaya jela kafin na gane.

A ƙaramin tanki, faɗan na iya dawowa ba da jimawa ba. In kuma mace na riƙe da ƙwai a baki, dakata tukuna, firgita na iya sa ta tofar da su.