Yadda Ake Ninke Ƙwaro Mai Ƙafa Shida Daga Takarda Guda

Duk wanda ya saba ninke tsuntsu da takarda, ranar da ya fara gwada buzuzu ko fara zai ci karo da matsalar lissafi. Takarda mai murabba'i kusurwa huɗu gare ta, ƙwaro kuwa ƙafafunsa shida, ga zaren ji guda biyu a kansa, ga fukafukai, wani ma har da ƙaho. Ƙa'idar masu origami, wato fasahar ninke takarda, na zamani ita ce a fitar da dukan waɗannan gaɓoɓi daga takarda guda ba tare da an sa almakashi ko an yi haɗi ba. Abin ya daɗe yana ba da wahala matuƙa, sai a shekarun 1990 da 'yan ƙungiyar Origami Tanteidan ta Japan, irin su Jun Maekawa da Toshiyuki Meguro da Fumiaki Kawahata, tare da Ba'amurke Robert Lang, suka shiga wata gasa a tsakaninsu wadda aka laƙaba wa suna Yaƙin Ƙwari, kowa yana zuwa taro da ƙwaron da ya fi na bara yawan gaɓoɓi.

Ya kamata mai koyo ya fahimci dabarar da ta warware matsalar tun kafin ya taɓa takarda, domin ita ce za ta bayyana masa dalilin kowace wahala da zai sha daga baya. Meguro da Lang, kowannensu ta hanyarsa, sun gano cewa kowace ƙafa tana cinye da'ira guda a jikin takardar, kuma tsawon ƙafar daidai yake da nisan da ke tsakanin cibiyar da'irar da bakinta. Ƙirƙirar ƙwaro ke nan ta zama aikin jera da'irori a cikin murabba'i ba tare da wata ta hau kan wata ba. Ƙafar da ta fito daga kusurwa rubu'in da'ira kawai take ci, wadda ta fito daga gefe tana cin rabi, wadda ta fito daga tsakiya kuwa da'ira cikakkiya take lashewa, saboda haka ta ninka ta kusurwa kauri har sau huɗu. Idan mutum ya ga ƙafafun tsakiyar buzuzunsa sun ƙi sirancewa alhali na gaba sun yi kyau, galibi dalilin ke nan.

Littafin da ya dace a fara da shi, a ganina, shi ne Origami Insects and Their Kin na Robert Lang, wanda kamfanin Dover ya buga a 1995. Yana ɗauke da samfura 20, daga tururuwa da mazari zuwa ƙoƙi-ƙoƙi da kunama, kuma duk da cewa babu mai sauƙi a cikinsu, kowane mataki an zana shi. Bayan shi sai jerin Origami Insects na kamfanin Origami House da ke Tokyo, inda Kawahata da Seiji Nishikawa suka yi na farko, Lang ya yi na biyu. Origami Design Secrets, wanda ya fito a 2003 aka kuma faɗaɗa shi a 2011, na wanda yake son ƙirƙirar nasa ne, don haka babu gaggawa a kansa. Dukan littattafan nan suna amfani da alamomin da Akira Yoshizawa ya assasa, Samuel Randlett kuma ya daidaita su: layi mai tsinke-tsinke yana nufin ninkin kwari, wato wanda ya lotsa ciki, mai tsinke da ɗige-ɗige kuwa ninkin tudu ne. A lura, kwarin nan na gangare ne, ba shi da lanƙwasa a harafinsa na farko kamar ƙwarin da ake ninkewa.

Takarda ita ce rabin aikin. Takardar injin buga rubutu, mai nauyin giram 80 a kowace murabba'in mita, ba za ta kai mutum ko'ina ba, domin tun kafin a kai ga ƙafafu za ta dunƙule ta fara tsagewa a tsakiya. Ana bukatar sirirriya mai dogayen zaruruwa, irin ta Japan da ake yi da ɓawon itacen kozo ko gampi, ko ta Koriya da ake kira hanji a harshensu, kuma faɗinta ya kai santimita 35 zuwa 50 ga mai farawa. Mutum yana iya haɗa tasa. Zai kwaɓa garin metilselulos, wani sinadari da ake yin gam da shi, da ruwa, ya bar shi ya kwana har ya yi yauƙi kamar farin ƙwai, ya shimfiɗa takardar tishu ta naɗe kaya a kan gilashi mai tsabta, ya shafe ta da buroshi mai laushi daga tsakiya zuwa gefe yana korar kumfar iska, sannan ya ɗora ta biyu ya sake shafewa. Idan ta bushe sarai za ta ɗago daga gilashin tana ƙaras-ƙaras. A yanke ta murabba'i na gaskiya, a kuma gwada ta hanyar haɗa kusurwa da kusurwa ta ɓangarorin biyu, domin kuskuren milimita ɗaya a nan zai riƙa girma da kowane ninki.

Matakan farko a littafi kusan duk shata layuka ne, a ninke a buɗe, kuma a nan ne masu gaggawa suke ɓata aikinsu. A shata kowane layi sau ɗaya, a kan tebur mai tauri, a tsaya daidai inda zanen ya tsaya. Yana da kyau a riƙa duban zanen mataki na gaba kafin a aiwatar da wanda ake kai, domin shi ne yake nuna yadda abin zai kasance. Wurin da aka fi maƙalewa shi ne nutsarwa, inda ake tura tsini cikin jikin aikin. A buɗaɗɗiyar nutsarwa ana ware takardar har saman tsinin ya baje kamar faifai, a bi kewayensa a mai da shi ninkin tudu, sannan a danna tsakiyar a hankali. Rufaffiyar kuwa ba ta yarda a ware komai ba, turawa kawai ake yi, kuma tsinke marar kaifi ya fi yatsa amfani. Hikima ce a gwada wannan mataki shi kaɗai a kan babbar takarda marar tsada kafin a taɓa mai kyau.

Littattafai sukan taƙaita matakin ƙarshe da jimla guda, wai a gyara siffa, alhali shi ne yake raba ƙwaro da dunƙulen takarda. A nemi hoton ƙwaron na ainihi a ajiye a gaba, a duba inda gwiwoyinsa suke da inda kowace ƙafa ta fuskanta, domin a buzuzu na gaba suna duban gaba, sauran huɗun suna karkata baya. A shafa ɗan metilselulos tsakanin ninkin kowace ƙafa da ƙaramin buroshi, a matse ta da matsefata har ta sirance, a karya gwiwar, sannan a ɗaure da zare ko sirirriyar waya. A yi ƙafafun bibbiyu, ta dama da takwararta ta hagu, don kada su bambanta. A bar shi ya kwana a ɗaure, washegari a kwance zaren a ɗora shi a kan tebur. Idan ƙafa ɗaya ba ta taɓa ƙasa ba, a ɗan jiƙa gwiwarta kaɗai a sake lanƙwasa ta.