Masu wasan kumbo, a daina sauka a ɓagas

'Yan uwa na Jos, idan kumbo zai sauka wata duniya a wasanku, a jefa dayis sau biyu. Na farko na shiga iska ne: kumbo daga kewayen duniyarmu yana shigowa da gudun kusan kilomita 28,000 a awa, zafi kuwa ba a magana. Wanda ya samu 1 ko 2, garkuwar zafinsa ta lalace. Na biyu na dira ƙasa.

Kuma a duba duniyar. Iskar Mars ba ta kai kashi 1 cikin 100 na tamu ba, laimar sauka kaɗai ba ta isa, dole a ƙona mai don rage gudu. A Wata babu iskar ma, a tsallake jifan farko. Ni nakan rage maki ɗaya idan akwai ƙura, kamar hazonmu na hunturu.