Yadda ake karanta karayar allon sulke mai zare a ciki

Duk wanda ya taɓa tsayawa kan magina a Maradi suna kwaɓa ƙasa da ciyawa ya riga ya san rabin darasin nan. Haka injiniyoyi ke yi da ƙarfe: a cikin alminiyam ko titaniyam sukan jera zaruruwan silikon kabaid, boron ko alumina, wasunsu ko kaurin gashin kai ba su kai ba. In an gwada irin wannan allo da harsashi a ɗakin gwaji, ga yadda ake duba shi.

Da farko, kada ramin gaba ya ɗauke maka hankali. Juya allon. Bugun na tayar da girgiza mai ratsa alminiyam da gudun kusan mita 6,000 a daƙiƙa, harsashin bindiga kuwa galibi bai kai 1,000 ba, don haka ta riga shi isa. Da ta taɓa bayan allon sai ta komo, maimakon matsa ƙarfen sai ta ja shi, fatar baya ta ɓantare kamar yaɓen bangon da damina ta ci. Tun 1914 injiniya Bertram Hopkinson ya yi bayanin wannan a Ingila.

Sai ka yanka allon ta tsakiyar ramin, ka goge, ka sa a madubin ƙara girman abu.

A nan ne aikin yake, kada ka yi gaggawa. Karya tubali da hannu ka gani: ciyawa na zarowa, tana barin ƙananan ramuka a ɗaya ɓarin. Nemi irin wannan a ƙarfen. In zaruruwa sun fito zaƙo-zaƙo, sun saɓule daga jikin ƙarfe, kuma kowace saɓulewa ta ci wani abu daga ƙarfin harsashin. In kuwa bakin karayar sumul ne, zare da ƙarfe sun tsinke a layi ɗaya, to riƙon da ƙarfe ya yi wa zare ya yi tsanani, tsagar ta wuce abinta kamar a gilashi. Ɗalibai sukan ɗauka riƙo mai ƙarfi ya fi. Ni dai na fi son matsakaici, wanda ke karkatar da tsaga ta bi tsawon zare ta gaji a hanya.

Daga nan duba gefen ramin ko akwai siraran layuka. Wurin da ƙarfe ya murɗe ne da sauri har zafi ya rasa hanyar fita. Alminiyam na narkewa a digiri 660 na ma'aunin Celsius, amma tun kafin nan ya yi laushi, sai murɗewar ta taru a layin.

Abin da ya rage shi ne rabuwar shimfiɗun zare da ƙarfe a cikin allon, wadda ido ba ya gani daga waje. Ɗauki kwabo ka riƙa ƙwanƙwasa allon daga ramin zuwa gefe. Inda ƙarar ta mutu, kamar an buga fasasshiyar ƙwarya, zagaye wurin da alli ka auna faɗinsa.