Yadda Ake Turara Dambun Zogale Ya Fito Wara-Wara

A Yamai da wuya mutum ya ratsa unguwa da hantsi, daga Bukoki zuwa Talaje har ƙetaren gada a Harobanda, bai ga mace zaune bayan babbar roba tana auna wa jama'a dambu da zogale ba. Maƙwabtanmu Zabarmawa suna kiran itacen windi bundu, kwaɗon ganyen kuma kopto, mu muna cewa zogale ko zogalagandi, amma a bakin robar nan kowa kwano yake miƙawa. Duk da wannan farin jini, na sha jin mata suna cewa sun daina yin dambu a gida, domin ko dai ya caɓe musu kamar tuwon da bai nuna ba, ko kuma ya fito da tsatstsauran tsaki yana shaƙe mai ci. A Tahoua na taso, a gidan da madambaci ba ya kwana uku bai hau murhu ba, kuma abin da na koya a can shi ne gyaruwar dambu da ɓacinsa duk a kan ruwa suke: wanda tsaki ya sha kafin ya hau wuta, da wanda ganye ya shigo da shi daga baya.

Ana yin dambu da tsakin shinkafa, ko na masara, ko na gero, kuma kowanne da halinsa. Na gero ya fi ƙamshi da riƙe ciki, shi muka fi sani a ƙasar Adar, sai dai yana son surfe mai kyau da bakace da wanki kafin a kai shi inji, in ba haka ba dusa ta sa shi ɗaci. Na masara yana da haƙuri, ba ya saurin caɓewa, amma yana shan ruwa da yawa kuma yana daɗewa bai nuna ba. Na shinkafa shi ne ya fi yawa a Yamai, kuma da shi zan yi misali saboda shi ya fi saurin tona asirin mai girki. Akwai masu ɗauko kuskus na leda su jiƙa shi da ruwan zafi su cakuɗa da ganye. Hakan yana fitar da mutum kunya idan baƙi sun faɗo ba zato, amma a bakina bai taɓa kama ƙafar tsakin da aka turara sau biyu ba.

Domin mutum biyar ko shida, kilo 1 na shinkafa ya wadatar, wato ƙasa kaɗan da rabin tiya. A wanke ta, a tsane, a baza a faifai ko tabarma ta sha iska har ta bushe sarai, sannan a kai inji a ce wa mai niƙa ɓarzawa ake so. Yana da kyau a tsaya a kansa, a tara hannu a bakin injin a duba zubin farko, domin da yawansu hannunsu ya saba da garin tuwo. Idan an dawo gida a tankaɗe da rariya mai laushi, a ware garin a ajiye don kunu ko tuwo, tsakin kaɗai za a turara. Wannan tankaɗe da wasu ke rainawa yana da muhimmanci ƙwarai, saboda gari ne ke fara jiƙa ya zama ƙulli, ya toshe hudojin madambaci, ya kuma haɗe tsakin wuri guda.

Zogale ɗanye ya fi, musamman na lambunan bakin kogi da ake kawowa kasuwannin Katako da Wadata da sassafe, ganyensa shar, bai fara yin rawaya ba. Ana buƙatar abin da zai cika babbar ƙwarya bayan an zage shi, domin yana raguwa sosai a wuta. A zauna a tsince ƙananan tsinkayen nan ɗaya bayan ɗaya, ko da aikin zai ci rabin awa, domin babu abin da ke ɓata wa mai ci rai kamar ya riƙa zaro tsinke daga bakinsa. A wanke sau biyu ko uku har yashi ya daina kwanciya a gindin roba, a zuba cikin tafasasshen ruwa da ɗan gishiri, a bar shi minti 20 zuwa 30, har ganyen ya murje tsakanin yatsu biyu kuma gafinsa ya fita. Busasshen zogale na rani yana son a jiƙa shi tukuna, kuma dahuwarsa takan kai minti 45. Wasu na jefa ƴar kanwa don ya yi saurin laushi. Ni ba na sawa a ɗanye, domin tana sa shi saɓulewa, a busasshe kuwa abin da bai wuce ƙwayar wake ba ya isa. Kada kuma a bar ganye yana ta tafasa har awa biyu, saboda wani ɓangare na amfaninsa yana bin ruwan da za a zubar.

Jiƙa tsaki shi ne wurin da ya kamata uwargida ta natsu. A zuba tsakin a faffaɗar roba, a sa cokali biyu na man gyaɗa a murza da tafin hannu har kowace ƙwaya ta samu, domin man yana hana su mannewa. Sai a riƙa yayyafa ruwa da yatsu, kaɗan-kaɗan, ana juyawa ana murzawa, ba a kwarara shi daga moɗa ba. Kilo 1 na tsakin shinkafa yakan sha kusan kofin shayi ɗaya da rabi a wannan mataki, amma ba na son a dogara da kofi, domin sabuwar shinkafa ta gonakin Saga ko Kollo ba ta shan ruwa kamar wadda ta shekara a buhu, kuma tsakin da aka ɓarza da hunturu ya fi na damina ƙishirwa. Ma'aunin gaskiya yana hannu. A damƙi tsakin a dunƙule, a buɗe hannu: idan ya zube nan take, bai sha ba, idan ya tsaya a dunƙule, amma da an taɓa shi da yatsa ya warwatse, ya yi daidai, idan kuwa ya manne a tafi yana barin danshi, an zarce, sai a ƙara busasshen tsaki a murza. Saboda haka ne nake rage tafi ɗaya na busasshe a gefe kullum. Bayan nan a rufe shi ya huta minti 10 ruwan ya ratsa cikinsa.

A zuba ruwa a tukunyar ƙasa kada ya wuce rabinta, domin idan ya yi yawa zai riƙa tsalle yana taɓa gindin madambaci, tsakin ƙasa ya zama fate. A ɗora madambaci, a naɗe mahaɗar da jiƙaƙƙen tsumma mai tsabta, ko a liƙe ta da ƙullin garin da aka tankaɗe, ta yadda tururi ba shi da hanya sai ta cikin hudojin. Idan hudojin suna da faɗi a shimfiɗa farin ƙyalle marar kauri. Kada a yi amfani da leda ko buhun roba kamar yadda wasu ke yi, domin zafi na iya sa sinadaransu su shiga cikin abinci. Sai ruwa ya tafasa tururi ya fara fitowa sannan a zuba tsaki, a zuba shi sako-sako ba tare da dannawa ba, a rufe, a bar shi minti 20 zuwa 25 a kan wuta mai ƙarfi wadda ba ta yankewa. Alamar ya isa ita ce tururi ya huda ta ko'ina a samansa, launinsa ya sauya daga fari fat zuwa garai-garai, ya kuma ɗan kumbura.

Kafin a haɗa ganye da tsaki, dole a matse zogalen, kuma wannan darasi da kunya na koye shi. A azumin farko da na yi a gidan aure a nan Yamai, na karɓi girkin buɗa-baki ina taƙama da dambun gidanmu, na tsame zogale a mataci na ga ya daina ɗiga, na juye shi cikin tsaki haka nan. Da na buɗe madambaci dab da magariba, abin da na tarar curi ɗaya ne kore wanda muciya ke tsayawa a cikinsa. Surukata ba ta yi faɗa ba. Ta ɗebi ragowar ganyen da ke mataci, ta dunƙule a hannunta ta matse, ruwa ya zubo har yana bin gwiwar hannunta, ta ce: "Ƴata, kin ga abin da kika zuba wa tsakinki." Na ce: "Na gani, Inna." Tun daga ranar nake matse zogale dunƙule-dunƙule har sai ya daina fitar da ko ɗigo, sannan in warware shi da yatsu.

A juye tsakin da ya sha turarar farko a roba, a farfasa curin da ludayi, idan ya ɗan huce a murje da hannu. A ɗanɗana ƙwaya: in tana da sauran tauri a tsakiya, a yayyafa ruwan gishiri kamar rabin kofi, in kuwa ta kusa nuna, danshin ganye ya ishe ta. A zuba zogalen, da albasa biyu yankakku, da tattasai da ɗan tugande da aka jajjaga, da gishiri da magi gwargwadon bakin gida, a cakuɗa har kore ya shiga ko'ina. Ni na fi son ganye ya kusa yin kai ɗaya da tsaki, domin dambun da sai an yi neman zogale a cikinsa rowa ce kawai. A mayar madambaci, a duba ruwan tukunya kada ya ƙone, a sake turarawa minti 15 zuwa 20.

Mai da albasa su ne ke ɗaga dambu, kuma a nan ba ni da zaɓi biyu: man gyaɗa na matsa, wanda ake saye wurin masu ƙuli-ƙuli, da albasar Galmi, jar nan mai ƙarfin ƙamshi da ake nomawa tsakanin Birnin Konni da Madawa. A soya manyan albasa biyu a cikin rubu'in lita na mai, a wuta marar ƙarfi, har su yi ja ba su ƙone ba, a kwarara a kan dambu yana da zafi, a juya. A daka ƙuli-ƙuli da barkono da citta da gishiri a ajiye a gefe, kowa ya barbaɗa daidai ƙarfinsa, domin yara da tsofaffi ba su jure yajin da samari ke so. Soyayyen kifin kogi ko dafaffen ƙwai suna tafiya da shi, haka ma ɗanyen tumatir da albasa a sama. Idan zogale ya yi tsada, ana yin haka da yaɗiya, ko tafasa da damina, ko kabeji a lokacin sanyi, sai dai kabeji ba a dafa shi, yankawa ake yi ƙanana a barbaɗa masa gishiri a matse.

In an sauke aka ga ya yi tauri, a yayyafa ruwan zafi a mayar minti 10, zai saki. Wanda ya ɗan caɓe a baza shi a faranti ya sha iska, a murza masa busasshen tsakin da aka rage, a sake turarawa. Wanda za a ajiye kuma a ɗebe shi tun kafin a sa masa ɗanyar albasa da tumatir, domin a zafin Afrilu da Mayu, lokacin da Yamai ke haura digiri 40, dambun da aka haɗa da rana yakan yi yami kafin la'asar. Idan akwai firij a sa shi da zarar ya huce, washegari a ɗumama shi a madambaci na minti 10, a soya masa sabuwar albasa.