Yadda Za A Tuna Da Eric Carle Tare Da Yara

Eric Carle, marubuci kuma mai zanen littattafan yara ɗan ƙasar Amurka, ya rasu ranar 23 ga Mayun 2021 a garin Northampton na jihar Massachusetts, yana da shekara 91. Malami ko mahaifin da ke son yara su san shi ba ya buƙatar dogon jawabi. Ya ishe shi ya karanta musu littafinsa, sannan ya bar su su gwada sana'arsa da hannunsu.

A fara da The Very Hungry Caterpillar, wanda ya fito a 1969. Labarin wata tsutsa ce da ta ci tuffa ɗaya ranar Litinin, tana ƙarawa kullum har ta kai lemu biyar ranar Juma'a, ta yi haɗama ranar Asabar cikinta ya murɗa, daga ƙarshe ta zama malam-buɗe-littafi. Mai karantawa ya riƙa mayar da shi Hausa a hankali, kuma kada ya hana yara zura yatsa cikin hudar da ke jikin shafukan, domin da gangan Carle ya yi ta, don yaro ya taɓa inda tsutsar ta ci.

Aikin hannun shi ne ya fi cancantar a ba shi lokaci. Carle kan ɗauki farar takarda shara-shara ya shafe ta da fenti, wani lokaci da buroshi, wani lokaci da yatsu ko soso, launi bisa launi, ya bar ta ta bushe, sai ya yanka ta gunduwa-gunduwa ya manna a kan kwali har siffar dabba ta fito. Haka za a yi da yaran. A yi shafen fenti yau, a bar yanka da manni sai gobe, saboda ɗanyar takarda yagewa take yi a bakin almakashi. A rage gam, domin idan ya yi yawa takardar kan tattare. A ganina babban kuskure shi ne babba ya karɓe aikin don ya gyara, ko ya ce babu doki shuɗi, alhali kuwa Carle da kansa ya zana shuɗin doki.

Idan shafukan sun bushe, sai a huda gefensu, a ɗinke su da zare, kowane yaro ya rubuta sunansa a bango, ya tashi ya ba 'yan uwansa labarin da ke ciki.